Yadda Ake Cin Moriyar Ƙananan Mayaƙan Haya a Labarin Wuxia

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Chanis ya san su, ko da bai riƙe sunan ko ɗaya ba. Su ne yaran bos: mutum ashirin cikin kaya iri ɗaya, kowa da addarsa, su yi wa jarumi zobe suna ihu, kafin ka ƙifta ido duk suna ƙasa. A fim abin yana shiga, domin ido ya shagala da tsalle-tsalle da ƙarar ƙarfe. A takarda kuwa ba ya shiga. In ka rubuta cewa jarumi ya zubar da mutum ashirin cikin layi biyu, lissafi kawai ka ba mai karatu. Bai ga komai ba, gabansa kuma bai faɗi ba.

Wannan jagora na mai son rubuta labarin wuxia ne, wato ƙagaggen labarin Sinawa na masu takobi da ke yawo a duniyar da suke kira jianghu: hanyoyi da masaukai da koguna, inda 'yan fashi da makarantun faɗa da masu neman fansa ke cin karensu babu babbaka, saboda hannun hukuma bai cika isa can ba. Manyan gwanayen fannin a ƙarni na 20, Jin Yong da Liang Yusheng a Hong Kong da Gu Long a Taiwan, sun cika littattafansu da ƙananan mayaƙan da ake biya su yi faɗa. Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, mutumin nan neman abinci ya fito. Yana da farashi, akwai iyakar abin da zai jure a kan wannan farashin, kuma yana son ya koma gida da ƙafafunsa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Tantance irin mayaƙin da wurin ke bukata

"Sai ga wasu mutane ɗauke da makamai" bai gaya wa mai karatu komai ba. Ƙasar Sin ta dā tana da ire-iren masu cin abinci da dantse, kuma kowannensu da yadda yake tsayuwa da yadda yake gudu.

Akwai 'yan rakiya. A zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, an yi gidajen rakiya da ake kira biaoju, masu karɓar jingar raka azurfa ko haja ko iyalin wani babba daga gari zuwa gari. Gidan yana da shugaba, da ƙwararrun da ke jan tafiya, sannan can ƙasa ga masu riƙe tuta suna shelar sunan gida a hanya, ga masu kora alfadarai da tura amalanke. In kana son ka kama halin mai jan tafiyar, tuna madugun ayarin fataken goro zuwa Gwanja: sanin hanya da sanin mutanen hanya ne jarinsa, faɗa kuwa asara ce ko da ya yi nasara.

Akwai masu gadin gidan attajiri, waɗanda amfaninsu a labari ya wuce na makami, don sun san ƙofar baya, sun san wanda ke shigowa da tsakar dare. Akwai 'yan duka na haya: a ƙarshen daular Ming, wadda ta gabaci Qing, a birnin Suzhou da garuruwan da ke kewaye, an yi ƙungiyoyi da ake kira dahang, ka biya su su lakaɗa wa abokin gabarka duka, wasu ma har su karɓi bulalar hukuma a madadin wanda ya biya su. Akwai yaran 'yan fashin dutse, waɗanda ladansu kaso ne na ganima, da yawansu manoma ne da yunwa ko haraji ya koro. Sai 'yan dokan ofishin majistare. Waɗannan albashinsu bai taka kara ya karya ba, da 'yan kuɗin goro suke rayuwa, kuma ana ba su wa'adin kama mai laifi, in wa'adin ya cika ba su kawo shi ba, su ne za su sha sanda. Ka ga mutumin da aka sa a wannan hali zai kama ko wanene ya samu.

Kada ka haɗa ko ɗaya daga cikinsu da almajirin makarantar faɗa. Almajiri ya durƙusa ya buga goshi a ƙasa gaban malaminsa, ya ɗauke shi tamkar uba, don haka gudu a wurinsa cin amana ne da zai bi shi har kabari. Mayaƙin haya in ya gudu, aiki kawai ya bari.

Mataki na 2: Rubuta jingar kafin ka rubuta faɗan

Ka ɗauki takarda daban, wadda mai karatu ba zai gani ba, ka amsa tambayoyi uku. Wa ya biya su? Nawa, kuma an ba su a hannu ko sai aiki ya kammala? Me aka gaya musu game da wanda za su tara?

Tambaya ta uku ta fi sauran ba da labari. Mutum goma da aka ce wa "wani malamin karatu ne ya ci bashi ya gudu, ku kamo shi" za su shigo masauki suna raha, ba sa ma zare adda. Da malamin ya ɗaga kofin shayi ya karya wuyan hannun na gaba, abin da zai fara zuwa zuciyar sauran ba fushi da shi ba ne, fushi ne da wanda ya aiko su, domin an biya su kuɗin kama ɓera an tura su ramin kura. Daga nan kana da hanyoyi da dama: su koma su nemi ƙari, su sayar wa jarumi da sunan ubangidansu, ko su tsaya don sun riga sun cinye kafin alƙalami, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Batun kuɗi, ka san ma'auninsu. Manyan ciniki da azurfa ake yi, ana auna ta da liang, kowane liang kimanin giram 37. Ƙananan ciniki kuwa da kwabban tagulla masu huda a tsakiya, ana zarge su a igiya, kuma a ƙa'ida kwabo 1,000 ne ke daidai da liang ɗaya, duk da farashin yana hawa da sauka. Ɗan lissafin nan zai hana ka kuskuren da ake yawan gani. Liang 10,000 ya kai kilo 370. Babu jarumin da zai saɓa wannan a kafaɗa ya haura katanga, komai sauƙin jikinsa. Dole a sami akwatuna, da amalanke, da alfadarai, da masu kora su, da masu gadin dare. Nauyin azurfa da kansa shi ne dalilin da ya sa labarinka ke bukatar ƙananan mutane. Ka kuma tuna cewa in kaya suka salwanta gidan rakiya ne zai biya mai su, abin da zai iya rusa gidan baki ɗaya. Shi ya sa ɗan rakiya yakan tsaya inda ɗan duka zai tsere.

Mataki na 3: Ka mai da su ma'auni, amma ka fara nuna nauyinsu

Babban aikin da aka san su da shi shi ne nuna ƙarfin jarumi. Sai dai ma'aunin da ba a san nauyinsa ba ba ya auna komai. Kafin jarumi ya kayar da mayaƙin haya, bari mai karatu ya ga wannan mayaƙin ya kayar da wani. Ya shigo kasuwa, 'yan tireda suna kawar da kai, wani ƙaton maƙeri ya yi masa gardama, ya kwantar da shi da naushi ɗaya. Yanzu in wata tsohuwa mai sanda ta taɓa masa jijiya ya sandare a tsaye, mai karatu ya san matsayin tsohuwar ba tare da ka yi mata kirari ba.

Jin Yong ya yi wannan a buɗewar wani littafinsa da jaridar Ming Pao ta riƙa bugawa kashi-kashi daga 1967 zuwa 1969. Ya fara da gidan rakiya na Fuwei a birnin Fuzhou, tutoci na kaɗawa, ƙarti a bakin ƙofa, kowa na ganin girmansu. Sai 'yan makarantar Qingcheng daga Sichuan suka soma ɗauke 'yan rakiyar ɗaya bayan ɗaya, ana tsintar gawa babu ko ƙwarzane a jiki, har aka ja layi da jini a ƙofar gida aka rubuta cewa duk wanda ya fita taku goma zai mutu. Can gaba kuma sai mai karatu ya tarar su kansu 'yan Qingcheng ɗin ba kowa ba ne a gaban manyan makarantu. Tsani ne mai hawa uku, kuma hawan farko da gawar 'yan rakiya aka gina shi.

Makami ma yana nuna matsayi. Masu koyon faɗa a Sin suna da wani zance cewa adda kwana 100 ake koyonta, mashi kwana 1,000, miƙaƙƙen takobi kuwa kwana 10,000. Saboda haka ka ba ƙaramin mayaƙi faffaɗar adda mai kaifi ɗaya, ko sanda, ko mashi. In ka ga takobi mai kaifi biyu a hannun mai gadin ƙofa, to ko dai sato shi ya yi, ko kuma ba mai gadin ƙofa ba ne, kuma kowanne daga cikin biyun labari ne.

Gargaɗi ɗaya: kada ka riƙa ƙara yawansu don ka nuna jarumi ya ci gaba, yau goma, gobe hamsin, jibi ɗari biyar. Daga wani adadi mai karatu ya daina ƙirga. Kada kuma ka ɗauka duk mai karɓar lada rago ne. Wang Wu, wanda ake wa laƙabi da Mai Babbar Adda, gidan rakiya yake da shi a Beijing, kuma aminin Tan Sitong ne, ɗan neman gyaran mulkin da aka sare wa kai a 1898. Wang Wu ma an kashe shi a 1900, kuma har yau ana ambatonsa cikin gwarzayen zamaninsa.

Mataki na 4: Bari su yi magana kafin a zare ƙarfe

A nan ne mafi yawan masu fara rubutu ke yin asara, a nan ne kuma daɗin yake. 'Yan rakiya na gaske sun fi yin magana a kan faɗa. Li Yaochen, wanda ya yi aiki a gidan rakiya na Huiyou a Beijing, ya bar bayanin yadda abin yake: in 'yan fashi suna son ganawa, sai su gicciye ƙaya a hanya, kuma ɗan rakiya ba ya janye ta da hannunsa. Tsayawa ake yi, jagora ya ajiye makami ya je a gaisa da zaurancen da ɓangarorin biyu suka sani. Ga yadda za ka iya juya wannan ya zama fage:

Mai tuta ya yanke shelarsa a tsakiya. Amalanke shida suka tsaya, alfadarin gaba yana kaɗa kunne. A tsakiyar hanya ga reshen ƙaya an gicciye, ɗanye shar, yankan yau.

Yaron da ya shiga aiki bana ya miƙa ƙafa zai ture shi. "Yaya na Biyu, in kawar?"

"Kawar da ƙafarka dai, ƙanena. Wannan sallama ce aka yi mana."

Yaya na Biyu, jagoran tafiyar, ya sauka daga doki, ya miƙa wa yaron addarsa, ya taka shi kaɗai zuwa gindin dutsen. Ya rufe dunƙulen damansa da tafin hagu a gaban ƙirji.

"Maigidan dutse, sannu da fama."

"Sannunku da hanya. Abincin wa kuke ci?"

"Abincin abokai."

"Rigar wa kuke sawa?"

"Rigar abokai. In maigida ya shigo birni, masauki da shayi suna wuyanmu."

Aka yi shiru. Can sai wani yaro mai tsumma ya sauko ya ja ƙayar gefe.

Amsar nan ta "abincin abokai" gaskiya ce tsagwaronta, domin ba don 'yan fashi ba, babu mai ɗaukar ɗan rakiya. Alƙawarin masauki ma ba na baka ba ne: in shugaban 'yan fashi ya shigo gari sayayya, gidan rakiya ne ke saukar da shi ya kuma tsare shi har ya fita. A littafin Jin Yong da na ambata, shugaban Fuwei yana koya wa ɗansa cewa a sana'arsu sunan gida kashi biyu ne cikin goma, iya faɗa kashi biyu, sauran shidan kuwa mutuncin da abokai na halal da na haram ke ba ka ne.

Sauran al'adun hanya ma kayan aiki ne. 'Yan rakiya ba sa sauka a sabon masauki ko wanda ya sauya mai shi, suna kwana da tufafinsu makami a kusa, kuma in sun zo Cangzhou a lardin Hebei, garin da ya yi suna da gwanayen faɗa, sukan naɗe tuta su wuce shiru don kada a ce sun yi fankama. Ka kafa ƙa'ida irin wannan sau ɗaya a farkon labari, tana aiki lafiya lau. Karo na biyu ka sa ta karye: an zo dutsen, an yi gaisuwa, sai aka tarar tsohon maigidan ya mutu, sabon kuwa bai san zaurancen ba, ko ya sani bai damu ba. Tsoron da zai bayyana a fuskar Yaya na Biyu a wannan lokaci ya fi shafi uku na sara da suka.

Mataki na 5: Ba su hanyar cin nasara

In mai karatu ya tabbata ba za su taɓa iya komai ba, to fagen ya mutu tun kafin a fara. Su ma sun san ba su kai jarumi ba, saboda haka mai hankali a cikinsu ba zai tare shi gaba da gaba ba. Banju zai zuba masa a giya. Igiya zai ɗaura a ƙasa don ƙafar doki. Taru za a jefo daga rufin ɗaki, a watsa masa garin farar ƙasa mai ƙuna a ido, a jera masu baka mai kunama a bayan taga, ko a cinna wa masaukin wuta a jira a bakin ƙofa. Manyan jarumai suna ƙyamar irin waɗannan dabaru a matsayin ƙasƙanci, kuma wannan ƙyamar ita ce kafar da ake shigar musu. Akwai kuma faɗan karɓa-karɓa: uku su shiga, su ja da baya, wasu uku su shiga. Ƙarfin ciki da jaruman wuxia ke taƙama da shi yana ƙarewa, sai an zauna an tara shi, kuma mai biyan kuɗi ya san haka. Sau da yawa ma bai aiko yaran don su yi nasara ba. Ya aiko su ne su gajiyar da jarumi, shi kuma yana laɓe yana ƙirga salon saransa.

In kana son tsari na gaske wanda ya taɓa aiki, duba Janar Qi Jiguang na daular Ming. A 1555 wasu 'yan fashin teku da ba su kai ɗari ba sun ratsa ƙasa suna kisa har suka isa ƙofar birnin Nanjing, saboda sojan gwamnati ba ya iya tsayawa gaban masu dogon takobi irin na Japan. A 1559 Qi ya je Yiwu a lardin Zhejiang ya ɗebi manoma da masu haƙar ma'adinai, ya ƙi 'yan birni masu wayo, ya raba su rukuni-rukuni na mutum 12: shugaba, masu garkuwa biyu a gaba, biyu riƙe da doguwar gora da ba a sassabe rassanta ba, masu dogon mashi huɗu, biyu a baya da makami mai baki uku, sai mai dafa abinci. Gorar ce sirrin. Rassanta suna sarƙe takobi, suna tare ido, kafin gwanin ya kuɓutar da hannunsa mashi huɗu sun same shi. Babu ko ɗaya cikin mutanen nan da zai iya da gwanin takobi shi kaɗai, amma a haɗe sun yi ta karya su.

Ka ari wannan. Ka sa jaruminka ya gamu da mutum goma sha biyu da suka daɗe suna aiki tare, kowa ya san gurbinsa. Sannan ka tilasta masa ya yi tunani: ya ja su cikin lungu inda gora ba ta juyawa, ko kan gada mai faɗin mutum ɗaya, ko ya gano wanda ke ba da umarni ya fara da shi. A ganina fage ɗaya irin wannan ya fi yaƙi da babban mugu wahalar rubutawa, ya kuma fi shi zama a zuciyar mai karatu.

Mataki na 6: San lokacin da za su watse, da dalilin

Ba sa faɗa har mutum na ƙarshe. Ka yanke tun farko abin da zai karya su: faɗuwar shugaba, ganin wani salon da suka gane na wata babbar makaranta ne, ko jin cewa mai biyan ya tsere. Da haka ta faru, ƙafa me na ci ban ba ki ba. In kana son su tsaya, sai ka ba da dalili mai nauyi, kamar iyali a hannun ubangida, ko guba da aka ba su wadda makarinta ke wurinsa.

Wani lokaci kuma tun kafin abokin gaba ya bayyana sun riga sun karye daga ciki. A wani tsohon littafin Sinawa na 'yan tawaye 108 na fadamar Liangshan, an ba Yang Zhi, gwanin makami, jagorancin kai kyautar ranar haihuwa mai tsadar gaske zuwa babban birni, da sojoji 11 a matsayin 'yan dako. Don gudun 'yan fashi ya riƙa tilasta musu tafiya da tsakar rana cikin zafin bazara, yana tsula musu tsumagiya. Da suka hau wani tudu suka zube a inuwa suka ƙi tashi, sai ga mai tallar giya. Yang Zhi ya yi zargin banju, kuma zarginsa daidai ne, amma babu mai sauraronsa kuma, har dattijon da aka haɗa shi da shi ya goyi bayansu. Suka sha, shi ma ya kurɓa, aka kwashe kayan suna kallo ba sa iya motsi. Bayan sun farfaɗo suka haɗa baki suka ɗora masa laifin. Ba a sari kowa da adda ba a fashin nan. Ƙishirwa da haushin 'yan dako ne suka yi aikin.

Mataki na 7: Ware ɗaya ka ba shi fuska da 'yar baiwa

Cikin goma, ɗaya ya isa. Ba sai ka ba shi tarihi ba: laƙabi, da abu ɗaya da ido zai riƙe, kamar takalmin ciyawa da ya ɗinke da zare ja, da baiwa ɗaya wadda manya za su raina.

Sinawa suna da tsohon misali a kan haka, wanda masanin tarihi Sima Qian ya rubuta. Mengchang, wani basarake na ƙasar Qi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ciyar da baƙi da barori wajen 3,000. Sarkin wata ƙasa mai suna Qin ya tsare shi yana shirin kashe shi. Ƙwarƙwarar sarki ta ce za ta sa baki in an ba ta rigar farar fatar yanyawa, alhali rigar ɗaya ce kuma an riga an ba sarki. Wani daga cikin mafi ƙasƙancin barorinsa, gwanin satar shiga kamar kare, ya shiga taska da dare ya ɗauko ta. Aka sake su, suka isa mashigar Hangu da tsakar dare, masu bin sawu na tafe, doka kuwa ba a buɗe ƙofa sai zakara ya yi cara. Wani baran ya kwaikwayi cara, zakarun wurin suka amsa, aka buɗe. Daga baya, a ƙarni na 11, marubuci kuma ɗan siyasa Wang Anshi ya yi wa Mengchang ba'a cewa shugaban masu cara da ɓarayi ne kawai, kuma tara irinsu ne ya hana mutanen kirki zuwa ƙofarsa. Kana iya ba wani hali a labarinka ra'ayin Wang, wani kuma ya saɓa masa.

Ka shuka baiwar tun da wuri a matsayin abin dariya, ka bar ta har a manta. Af, har a fim ma irin wannan na faruwa: cikin yaran bos da Bruce Lee ya karya a fim ɗinsa na 1973 akwai wani matashi mai suna Jackie Chan.

Mataki na 8: Rubuta abin da ya biyo bayan faɗan

Yadda jarumi ya bi da wanda ya riga ya yar da adda shi ke nuna ko shi wanene. Zai sare shi? Zai taɓa masa jijiya ya bar shi a sandare har asuba? Zai jefa masa ɗan guntun azurfa ya ce ya koma gona? Wuxia labari ne na masu da'awar adalci, kuma wannan da'awar a kan marasa ƙarfi ake gwada ta. Jarumin da ya kashe 'yan dako goma sha biyu sannan ya yafe wa ubangidansu saboda shi babban mutum ne, mai karatu zai lura, ko kai ba ka lura ba. In da gangan ka yi, to ka sa wani a cikin labarin ya faɗa masa a fuska.

Gawa kuma ba ta ɓacewa. Hukumar Sin ta daɗe da ƙa'idar binciken gawa, tun 1247 Song Ci ya rubuta littafi a kan yadda ake yin sa, don haka mai masauki da ya wayi gari da gawa uku a tsakar gidansa ya san 'yan doka na tafe, kuma shi za su fara tatsa. Gidan rakiya zai sayi akwatin gawa ya kai wa matar mamaci kuɗi. Ƙanen mamacin yana iya shiga makarantar faɗa da sunan jaruminka a bakinsa. Waɗanda suka tsira kuwa su ne gidan rediyon jianghu: a shagon shayi na gaba za su ce mutum ɗaya ya tare su talatin, don su wanke kansu, alhali su tara ne. Daga bakinsu laƙabin jarumi ke fitowa, daga bakinsu kuma babban mugu ke jin cewa jarumin yana ɗingisa ƙafar hagu bayan sara na ashirin.

Ka lura da zamanin da ka sa labarin. Bankunan takardar kuɗi irin Rishengchang, wanda aka kafa a Pingyao a 1823, sun rage jigilar azurfa, daga baya jirgin ƙasa da bindiga suka ƙarasa sana'ar rakiya, har gidan Huiyou ya rufe a 1921. In labarinka ya faɗo ƙarshen daular Qing, to 'yan rakiyarka mutane ne da aikinsu ke mutuwa a hannunsu, kuma irinsu sukan karɓi jingar da a dā za su ƙi.

Kafin ka saki babin, koma ka ƙirga. In mutum 12 suka shiga masaukin, biyar suka kwanta, huɗu suka fita ta taga, sai ka san inda ukun suke. Ɗaya yana ƙarƙashin tebur yana riƙe numfashi, ɗaya ya tafi kai rahoto, na ukun kuma yana bargar dawaki yana kwance dokin jarumi, tunda an hana shi cikon kuɗinsa.